Matakala Arba'in da Tara

Shafi na 23

Masu cewa na bar su a bakin kogi cikin zullumi, ku yi haƙuri, ga inda muka tsaya. Mai ɗa a kusa ta janyo shi jikinta kafin ta fara karantawa.

*

"Mae, tarwaɗar nan ta fi ni girma!" in ji yarinyar. Mae take kiran uwarta.

"Ta fi ki ci dai. Janye hannunki daga ruwan nan, Manao."

Lamduan ta damƙe bayan rigar 'yarta da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana riƙe da sandunan tafiyarta. Kwale-kwalen ya bar babban kogi ya kutsa cikin wata siririyar hanyar ruwa ta ɓangaren Thonburi, gidajen katako dama da hagu, wanki a shanye, wata tsohuwa tana soya ayaba a cikin nata jirgin.

Jirgin saman da ya kwaso su daga Perth, can ƙasar Turawa, ya sauka Bangkok da bakwai na safe. Na Ubon kuwa, inda mahaifiyar Lamduan take jiran su, sai huɗu da rabi na yamma. Sauran fasinjoji suka baje a kujeru suna gyangyaɗi. Ita kuwa ta kai akwatuna wurin ajiya, ta cusa gorar ruwa huɗu da hula da tawul a jakar baya, ta ce wa yarinyar, "Tashi mu je ki ga garin da aka haife ki."

Sun gani kuwa. Manao ta ƙirga dogayen gidaje ta tagar jirgin ƙasa har ta gaji. Ta ci shinkafa mai danƙo da mangwaro a tsaye a bakin titi, ruwan kwakwa yana bin haɓarta. Ta ga hasumiyar da aka lulluɓe da fasassun tangaran, ta ce wai wa ya fasa kwanukan mutane haka.

Amma ba kallo kaɗai ya fito da Lamduan ba.

Shekara bakwai ke nan da ta tsaya a gindin wani ƙaramin haikali da ke kan tudu, da jaririya a hannu, ƙafafunta biyu a murɗe ciki. Likita ya riga ya ce da wuya ta taka. A nan ta yi bakance: ranar da yarinyar nan ta hau matakalar nan arba'in da tara da ƙafarta, ba ɗauka ba riƙewa, za ta kawo dafaffen ƙwai casa'in da tara. Mijinta Thawin yana gefenta a lokacin, bai ce uffan ba. Bayan sati uku ya ɓace.

Aiki biyar aka yi wa ƙafafun nan a Perth, Lamduan tana jinyar tsofaffi da rana tana jinyar 'yarta in ta dawo gida. Yau ce ranar. In ba yau ba, sai wata shekarar, in an samu hutu.

"Mun iso," in ji mai kwale-kwale. "Ƙarfe ɗaya zan dawo, in kin wuce haka jirginki ya tashi ba ke."

*

Mai sayar da ƙwai da furen bado tana nan inda take, ƙarƙashin lema, sai dai ta ƙara ƙiba.

"Casa'in da tara?" Pa Samruai, wato Inna Samruai, ta dubi Lamduan, ta dubi sandunan, ta dubi takalman yarinyar masu ƙarfe har ƙwauri. Sai ta dafe ƙirji. "Ke ce! Mai jaririyar nan da kika jiƙa min tebur da hawaye!"

"Ni ce, Pa."

"Wannan ce 'yar mitsitsiyar? Ke, zo nan. Kai, mummuna da ita, ba abin da aljani zai yi da wannan."

Manao ta haɗa tafukanta a ƙirji ta gaishe ta, sannan ta ce, "Ni ba mummuna ba ce, Pa."

"Ji bakin! Harshen ma na Turawa ne. Haka ake cewa, 'yar nan, don kar su yi sha'awarki su ɗauke. Uwarki ba ta koya miki komai ba a can?"

Suna cikin jera ƙwai a kwando sai wata murya ta fito daga bayansu.

"Lamduan."

Ba ta buƙaci juyawa ba. Muryar da ta ce mata "jininku ne, mu a gidanmu ba a haifar irin wannan" ba ta ɓacewa a kunne.

Bunruen ce, uwar Thawin. Gashi ya yi fari fat, farar riga an goge, hannunta ɗauke da kwanukan abinci masu hawa huɗu. Fuskarta kamar ta ga wanda aka binne jiya.

Lamduan ta haɗa hannu ta gaishe ta, don ba a fasa wannan ko da wa ake faɗa.

"Khun Mae," ta ce, yadda ake kiran suruka da girmamawa. "Manao, gai da kakarki."

Yarinyar ta gaida. Tsohuwar ba ta ko kalle ta ba.

"Me ya kawo ki nan?"

"Bakancena na zo cikawa."

"Yau?"

"Yau. Awa biyu gare ni."

"Ba za ta iya ba." Bunruen ta faɗa da sauri, har kwanukan suna karo da juna. "Dube ta mana. Ki ba wa Samruai ƙwan ta kai miki sama, an karɓa. Ki ɗauki 'yarki ku koma filin jirgi. Kar ki kunyata ta a gaban jama'a."

"Yau kuma kunyarta ta dame ki?"

"Ina gaya miki gaskiya ne."

"Ni ba ɗan aike ba ce," in ji Pa Samruai tana ci gaba da jera ƙwai. "Bakancen da aka yi da ƙafa ba a cika shi da kwando. Kin fi kowa sani, ke da ba kya fashin zuwa nan."

Bunruen ta waiga, idonta ya sauka kan tarin takalman da ke gindin matakala. Sai ta nuna su da baki.

"To, ta cire takalmi. Kowa cirewa yake. Ko a can ƙasar taku an ce da takalmi ake hawa?"

Lamduan ta kalli takalman 'yarta.

Wata shida suna gwaji a matakalar gidansu ta Perth, hawa da sauka, safe da yamma. Duk da takalman nan. Ta tuna ruwa, ta tuna hula, ta tuna maganin sauro, amma ta manta abin da ko ɗan yaye ya sani: tudun nan tun daga takin farko ba a taka shi da takalmi. Ga dutsen ya sha rana tun safe, tururi kawai yake.

Ta durƙusa gaban 'yarta.

"Manao, saurara. Ba dole sai yau ba. Za mu..."

"Mae, kwance min."

"Ba ki taɓa hawa babu su ba."

"Na taɓa. In kina wanka ina cirewa in hau gadon sama."

"Ke!"

"Sau da yawa ma."

Pa Samruai ta kwashe da dariya har da buga cinya. Lamduan ta rasa faɗa za ta yi ko kuka. Ta sa tafin hannunta a kan takin farko, ta janye da sauri. Sannan ta zuge jaka ta fito da gorar ruwa, ta kwarara a kan dutsen. Ya yi cuu, ya yi duhu. Ta sake taɓawa.

"Da dama," ta ce. "Amma gora huɗu ba za ta kai ko goma sha biyar ba."

"Wa ya ce miki gora?" Pa Samruai ta juya ta ƙwala kira. "Ke mai kwakwa! Ke mai turare! Ku tashi, ku bar gulma, ku ɗauko bokitai! Ga ruwa nan a kogi ba na siye ba ne!"

Kafin Lamduan ta gama kwance igiyoyin takalmin, mata huɗu sun jeru a gefen matakala, bokiti yana bin hannu zuwa hannu.

Ƙafafun suka fito, sirara, da tabon ɗinki kamar hanyar tururuwa. Manao ta miƙa wa uwarta sandunan.

"Riƙe min. Kuma kar ki taɓa ni, Mae. In kin taɓa an ɓata."

*

Ta kama jikin macijin simintin da ya bi gefen matakalar tun daga ƙasa har sama. Ta ɗaga ƙafar dama. Ta janyo ta hagu.

"Ɗaya," in ji Lamduan.

Tana taki ɗaya a bayanta, sandunan a soke a jakar baya, kwandon ƙwai rataye a gwiwar hannu, hannayen a buɗe kamar mai tare kaza, ba ta taɓa ba.

"Biyu. A hankali. Duk tafin, ba yatsu ba. Uku."

A taki na goma wasu baƙi masu ɗaukar hoto suka matsa gefe. A na goma sha biyar matan bokiti suka fara ƙirgawa tare da ita.

A na goma sha takwas Lamduan ta ji haki a bayanta. Bunruen ce ta biyo su, ba takalmi, da kwanukanta.

"Lamduan, tsaya mu yi magana."

"Goma sha tara."

"Don Allah. Ki dawo da ita ƙasa, ni zan raka ku har filin jirgi."

"Ashirin. Madalla, 'yar gari. Huta in kina so."

A ashirin da uku gwiwar Manao ta lanƙwashe. Ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen dutse. Hannun Lamduan ya kai har kusa da hammatarta kafin ta tsayar da shi da ƙyar.

"Zafi?"

"Kaɗan."

"Ina?"

"Ko'ina." Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Ba ni ruwa. Ki ajiye a nan, zan ɗauka da kaina."

Tana sha, iska ta kaɗo ƙamshin abin da ke cikin kwanukan tsohuwar. Miyar tsami da karan bado, ba kifi, an cika tsamiya har tana kama hanci.

Lamduan ta daina motsi.

Mutum ɗaya ta sani a duniya da yake cin miyar nan ba kifi. Shekara biyu ta yi tana dafa masa tukunyarsa daban.

Ba ta ɗauke ido daga kan 'yarta ba, ta yi ƙasa da murya.

"Khun Mae, wa kike kai wa abinci?"

"Masu zuhudun haikali. Kamar kowa."

"Wane daga ciki?"

Bunruen ta kawar da kai.

Manao ta kama macijin ta miƙe. Ƙafar dama. Ta hagu.

"Ashirin da huɗu," in ji Lamduan. "Na ce wane daga ciki?"

"In ta kai sama zai gan ta." Muryar tsohuwar ta karye. "Zai san komai."

"Ashirin da biyar. Wa?"

"Thawin."

Kwandon ya karkace a hannun Lamduan, ƙwai biyu suka yi karo. Ta danne shi da ƙugu.

"Kin ce ya bi jirgin kamun kifi kudu. Kin ce da wata mace. Kin ce ba ya iya kallon ƙafafun 'yarsa."

"Na faɗa."

"Ashirin da shida."

"Ranar da kika yi bakancenki shi ma ya yi nasa a zuci. Ya ce zai aske kansa ya ɗauki mayafin masu zuhudu, ba zai ajiye ba sai ranar da yarinyar ta hau tudun nan. Ya san in ya gaya miki za ki hana. Ya rubuta takarda ya ba ni in ba ki bayan ya tafi."

"Ashirin da bakwai. Ina takardar?"

"Na sa a murhu."

Matan bokiti sun daina hira. Ruwa kawai ake ji yana gangarowa.

"Ɗa ɗaya gare ni, Lamduan! Likita ya ce ba za ta taka ba. Wato ya mutu a cikin mayafi ke nan? Na ce in kin tafi zai haƙura ya fito. Na je har dajin arewa inda yake, na ce masa kin auri Bature kin tafi da ita, kin ce kar a neme ku. Ya ce min auren uwa ba ya warware bakancen uba. Bai fito ba. Shekara uku ke nan da ya roƙa aka dawo da shi nan, kullum shi ke share saman matakalar nan. Kullum."

"Talatin."

"Ki ce wani abu mana! Ki zage ni!"

"Ba yanzu ba, Khun Mae. Ina ƙirga wa 'yata."

Hawaye na bin fuskarta har wuya, amma muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Shekara bakwai ta yi tana tanadin maganganun da za ta gaya wa matar nan, tana maimaita su tana canza wa tsofaffi zanen gado. Yanzu ga ta a gefenta, ga bakin, amma duk ba su kai taki ɗaya na yarinyar nan muhimmanci ba.

"Talatin da ɗaya. Duk tafin, Manao."

"Mae, me ya sa kaka take kuka?"

"Matakala ce ta gajiyar da ita. Ke dai kalli gabanki."

*

Daga talatin da biyar abin ya koma na kowa. Masu sayar da kaya suka bar teburansu. Wani direban keke mai ƙafa uku ya kashe inji ya zo ya tsaya da hula a hannu. Pa Samruai ta tattare zani tana hawa tana nishi tana zagin gwiwoyinta.

"Arba'in!" suka faɗa baki ɗaya.

Rigar Manao ta manne a bayanta. Ƙafar hagu ta fara jan ƙasa, babban yatsan ya goge, ɗan jini ya fito.

Lamduan ta gani.

"Manao, yatsanki..."

"Na sani. Saura nawa?"

"Tara."

"Kaɗan ne. Gadon sama ma shida ne."

"Ji min ja'ira!" in ji Pa Samruai daga baya. "Wannan ba gadon uwa ba ne, taurin kan uba ne!"

Arba'in da uku. Arba'in da huɗu. Yarinyar ta tsaya tana numfashi da baki. Ba wanda ya ce mata yi sauri. Arba'in da biyar.

A arba'in da takwas macijin ya ƙare. Wutsiyarsa ta naɗe a nan, takin ƙarshe ba abin dafawa, kuma ya fi sauran tsawo.

Manao ta kalli takin. Ta waiwayo ta kalli uwarta.

Duk jikin Lamduan yana ce mata ɗauke ta. Taki ɗaya ne, wa zai ce wani abu? Ta mayar da hannayenta baya, ta harɗe su a can, ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"Kin iya," ta ce. "Na gani da idona sau arba'in da takwas."

Yarinyar ta saki macijin. Ta buɗe hannuwa kamar tsuntsu. Ta ɗaga ƙafar dama ta dire. Ta yi tangaɗi, jama'a suka ja numfashi. Ta cije leɓe, ta fizgo ta hagu.

Ta tsaya. Ƙafa biyu, a sama, ita kaɗai.

"ARBA'IN DA TARA!"

Tudun ya ɗauka. Wani ya kama igiyar ƙararrawa yana bugawa ba ji ba gani. Mai kwakwa ta watsa sauran ruwan bokitinta sama ya zubo wa kowa. Pa Samruai ta zauna a matakala tana kuka tana dariya tana cewa, "Mummuna! Mummunar yarinya!"

Lamduan ta dire kwandon a sama da hannu biyu. Casa'in da tara, ko ɗaya bai fashe ba.

Sai a lokacin ƙafafun Manao suka ce sun gama nasu. Ta yi gaba luu.

Tsintsiya ta faɗi.

Wani ɗan zuhudu ne, dogo, ramamme, kai a aske, mayafi ruwan goro. Ya riga ya miƙo hannu biyu zai tare ta, sai ya ƙame a tsakiya. Mai mayafi ba ya taɓa mace, ko 'yar jiya ce, ko shi ya haife ta. Cikin ƙiftawar ido ya zaro ƙyallen da suke shimfiɗa wa mata su ɗora musu sadaka, ya wurga mata gefe ɗaya ya riƙe ɗayan.

Manao ta cafke. Ƙyallen ya miƙe tsakaninsu. Ta tsaya.

Ya durƙusa a hankali har fuskarsa ta yi daidai da tata. Ya kalli ƙafafun, da tabon, da jinin yatsan, da jiƙaƙƙiyar matakalar tun daga ƙasa. Ya ɗago ya ga mahaifiyarsa a tsaye ta rufe fuska da hannu. Sannan ya ga Lamduan.

"Da ƙafarta?" Muryar ta dishe kamar wadda aka daɗe ba a yi amfani da ita ba.

"Da ƙafarta," in ji Lamduan. "Ba wanda ya taɓa ta."

Ya mayar da ido kan yarinyar.

"Manao," ya ce.

Yarinyar ta karkata kai, ta dube shi da kyau, ta waiwayo.

"Mae, wa ya gaya masa sunana?"